Wasan Da Baba Bai Yi Da Ni Ba

Ranar da Allah ya karɓi ran Baba, kafin hantsi layinmu na Bromakoté, a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, ya cika ya batse. Masu tebur suka janye kayansu aka jera benci da kujerun roba har bakin kwata. 'Yan albasa suka rufe rumfuna suka zo da warin kasuwa a rigunansu. Maƙwabtanmu Jula da Bawule suna shigowa suna cewa “yako, yako,” wadda ita ce sannunsu ta rashi. Can sai ga gbaka guda, ƙaramar bas ɗin haya, ta tsaya a bakin layi, ta sauke tsofaffin 'yan kokowa daga unguwar Treichville, kowa da irin ɗingishinsa, manyan mutane masu kaurin wuya suna share hawaye da bakin rawani.

Ina zaune a tabarma kusa da liman, inda ya kamata ɗan fari ya zauna. Amma duk wanda ya shigo sai ya wuce ni ya nufi ɗan Gwaggo, wato ɗan ƙanwar Baba da ya tashi a gidanmu. Shi ake riƙe wa hannu, shi ake dafa wa kafaɗa. Wani tsoho mai karyayyen hanci ya rungume shi ya ce, “Sannu, ka yi rashin uba.” Sannan ya juyo ya ba ni hannu sama-sama.

“Kai ma sannu, malam. Maƙwabci ne?”

Liman ya ce, “Haba, ai babban ɗan mamacin ke nan.”

Tsohon ya riƙe baki. “Ashe shina da babban ɗa haka? Wallahi ban taɓa jin ya ambace shi ba.”

Na ce babu komai. Ƙarya nake, akwai komai. Kuma kafin in haɗiye wannan sai na ji suna magana ƙasa-ƙasa a bayana game da maƙabarta. A wurinmu idan an kai mamaci, mutane biyu ko uku ke sauka su karɓe shi, wanda ya fi kusa da shi kuma shi ke karɓar wajen kai da kafaɗu. Tsofaffin nan har sun gama yanke hukunci. “Yaronsa ne zai sauka,” in ji ɗaya, yana nuna ɗan Gwaggo da haɓa. Ba wanda ya ce a'a. Ni kuwa tun da na yi wayo hannuna bai taɓa jikin mahaifina ba, abin da ya rage mini ke nan, ga shi ana shirin ba wa wani.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baba. Zan faɗi alherinsa, don yana da yawa. Amma da kishi zan faɗa, don da shi na tashi, kuma ban ga ranar rabuwa da shi ba. Sunan ɗan Gwaggo ma ba zan rubuta ba. Ya sha kira a bakin Baba, ya ishe shi.

Baba mutumin Adar ne ta ƙasar Nijar. A saman motar albasa ya shigo Abidjan tun ba a haife ni ba, da albasa ya ci, da ita ya aurar, da ita ya je Makka. Gajere ne mai faɗi, idan yana tafiya hannuwansa a buɗe kamar ya saƙale buhu a kowace hammata. Ba ya gaisawa da tafin hannu. Damtsenka yake kamawa ya ɗan matsa, ya girgiza ka kaɗan ya ji inda ƙafafunka suke. Daga nan ya san ko kai wane ne. Ya kan ce, “Wanga tsaye shike,” ko kuma, “Wanga iska ma ta ishe shi.” Haka yake yi wa direba, haka yake yi wa ɗan sanda, har wani likita ya taɓa yi wa.

Kokowa ita ce rayuwarsa. Kowace Lahadi bayan la'asar, 'yan ƙasarmu kan taru a wani fili mai yashi da ke Treichville, bayan tashar motar da ake kira Gare de Bassam. Masu sayar da abincin da ake kira garba, masu gadi, 'yan dako, masu tura baro, kowa ya ajiye wahalar mako ya ɗaura walki. Lokacin da na fara wayo Baba ya kusa daina shiga, amma ba wanda ya taɓa ganin gwiwarsa a yashin nan. Da ya daina sai ya zama uban fili. Ba a buga ganga sai ya zauna, ba a tashi sai ya miƙe.

Wasa yake kiran abin, kuma bai yarda a riƙa jefa kalmar ko'ina ba. Ƙannena da aka haifa daga baya Faransanci ya fi musu sauƙi, komai a wurinsu sipor ne. Wata safiya autanmu ya fito da gajeren wando zai fita, Baba na zaune yana jin labarin wasanni a rediyo.

“Ina za ka?”

“Papa, sipor zan je.”

“Da wa?”

“Ni kaɗai. Gudu zan yi a kan gada.”

“To ka ce za ka motsa jini. Wa za shi kada ka bisa gada? Wasa sai da abokin karawa.”

A bencin mai shayi kuwa sun sha musu da abokansa. Wani ya ce ai dara ma wasa ce, karta ma wasa ce. Baba ya ce ya ji, yara ma suna wasan ƙasa, ba ya hana kowa bakinsa. Amma wasan da maza ke nufi idan sun ce an tafi wasa, wanda ake kaɗa wa ganga, shi ne wanda za ka sa jikinka duka a ciki, kana iya ci, ana iya cinka, jama'a na kallo. Kokowa, dambe, langa, har ƙwallon nan ya yarda da ita, ko da yake ya ce mutane sun yi yawa a ciki, rago na iya ɓuya. Sai ya ɗaga yatsa ya ƙara abin da kowa a Adjamé ya haddace daga bakinsa: “In an tashi ba ku iya cin abinci kwano guda, to ba wasa kuka yi ba. Faɗa kuka yi, an dai kaɗa muku ganga.”

Na ga ranar da ya nuna da gaske yake. Wani sabon zuwa mai ƙarfi kamar sa ya kayar da wani ɗan Burkina mai dako a tashar jirgin ruwa. Maimakon ya miƙa hannu ya tashe shi, kamar yadda ake yi, sai ya tsallake shi yana kirari, har ya watsa masa yashi da ƙafa. 'Yan garinsu suka ɗauki ihu. Baba ya ɗaga hannu, ganga ta mutu. Ya taka har tsakiyar fili, shi da kansa ya tashi ɗan Burkinan, ya kakkaɓe masa baya. Sannan ya sa aka kawo garba kwano guda, wato aceke na garin rogo da soyayyen kifi da barkono, ya ajiye a kan yashi.

“Ku zamna ku ci. Wanda bai ci ba, ya yi ban kwana da hilin ga.”

Suka ci, mutum ɗari na kallonsu, ɗaya na hararar ɗaya. Kafin kifin ya ƙare an fara dariya. Ɗan Burkinan nan yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa, furfura ta cika masa kai, kuka yake har da shessheƙa. Shi ma ɗan Gwaggo ya yi wa ta'aziyya.

Mutumin da ke kama damtsen kowa bai taɓa kama nawa ba. Ni ɗan fari ne, kuma Baba ya zo da kunyar ɗan fari daga ƙauye ɗungurungum, bai bar ko ƙyalle a hanya ba. Bai taɓa faɗin sunana ba. “Yaron ga” nake. Ba ya kallona ido da ido, ba ya ci da ni, ba ya yi mini magana kai tsaye in akwai wanda za a bi ta kansa. Ina tsaye gabansa zai ce wa Inna, “A gaya ma yaron ga ya tahi rumfa.” In babu kowa, bango yake gaya wa. A ƙauye kowa ya san wannan, ɗan fari na ganin sauran 'yan fari ya san ba shi kaɗai ba ne. Ni kuwa a Adjamé na tashi, ina ganin 'yan ajinmu iyayensu na riƙe musu hannu zuwa lakwal, wato makaranta, suna kiransu da sunayen shagwaɓa.

Ana haka sai ga ɗan Gwaggo, shi ma a saman motar albasa, da ƙafafu kamar sillen kara. Sa'ana ne. Ranar da ya iso Baba ya kama damtsensa, ya girgiza shi, ya yi dariyar da ban taɓa jin irinta a cikin gida ba. Washegari da safe aka fara. A tsakar gida, gefen famfo, Baba ya tuɓe riga yana nuna masa yadda ake kafa ƙafa, yadda ake shiga ƙarƙashin hammata, yadda ake taɗiya. Yana kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta na ji. Ni ina bakin ƙofa da littafin Faransanci a cinya, ban karanta ko layi ɗaya ba. Idan sun tafi kasuwa sai in kama buhun albasa in yi masa duk abin da na gani.

Shi kuwa taubashina ne, yana da lasin tsokanata, kuma bai yi wasa da damarsa ba. “Ɗan lakwal, zo in koya maka, Kawu ya ce in riƙa tausaya maka.” In na kai masa duka ya goce yana dariya. Abin haushin shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na huta. Naman da Baba ya tsakuro masa daga kwanonsa, sai ya ɓoye rabi ya kawo mini, ni kuma in ƙi ci, in ya fita in cinye.

Da muka zama samari ya yi suna a filin Treichville. Makaɗa suka yi masa take, suna haɗa shi da Baba a kirari. Wata Lahadi na ari walki na shiga ba tare da na gaya wa kowa ba, na tsaya tsakiyar fili na nuna shi. Wuri ya yi tsit, kowa ya juya wajen Baba. Baba ya miƙe, ya gyara hula, ya ce wa na kusa da shi goronsa ya ƙare. Ya ratsa mutane ya fita.

Da wannan baƙin cikin na kama ɗan Gwaggo. Mun jima muna juya juna, yashi na tashi, numfashinsa a kunnena. Sai na ji ya saki nauyinsa gefe ɗaya, na shiga, na ɗauke ƙafarsa. Ya tafi da baya. Ihun da aka yi har masu jiran motar Bassam sai da suka leƙo. Na miƙa masa hannu na tashe shi, don ko ba a koya mini ba na ji ana koya wa wani. Ina ta waige. Sai da ganga ta lafa Baba ya dawo yana tauna goro. Ya wuce ni kamar turke, ya je yana kakkaɓe wa ɗan ƙanwarsa baya, na ji yana ce masa, “Kai ka bar mishi ƙahwar hagu.” Na yi shekaru kafin in tambayi kaina yadda mutumin da ya tafi sayen goro ya san ƙafar da aka kama. A ranar dai ba abin da na gani sai hannunsa a bayan wani.

Da muka koma gida na yi abin da ɗan fari ba ya yi. Na tsaya gabansa na ce, “Baba, me na yi maka? Na ci, ka tafi wajen wanda ya faɗi. Ni ba ɗanka ba ne?”

Inna ta saki ludayi ta yi salati. “Kai, ka haukace? Ubanka kake tsarewa da ido? Wannan ai sai 'ya'yan Abijan!”

Baba bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya dubi Inna. “A gaya ma yaron ga, wanda ya faɗi shi ka bukatar hannu.” Ya tashi ya tafi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba. Ban ƙara ɗaura walki ba daga ranar, shi kuma bai aiko a tambaye ni dalili ba.

Na yi aure, na samu ɗa, sai kishin ya samu sabon wuri. Jika abokin wasan kaka ne, wannan ma al'ada ce. Baba da furfurarsa zai durƙusa a tabarma ya ce wa ɗana, “Zo mu kama, in kada ka in amshe matarka.” Yaro ɗan shekara uku ya tura shi da hannu ɗaya, sai Baba ya baje a ƙasa yana kururuwa an kashe shi. Mutumin da Treichville kaf ba ta ga gwiwarsa a ƙasa ba. Ina tsaye a bakin ƙofar da na saba tsayawa, ƙato da gemu, ina kishin ɗan cikina.

Shekarun rikicin ƙasar suka zo, taron baƙi ya zama abin tsoro, filin ya mutu. Daga baya ma aka mayar da shi wurin ajiye motoci. Baba ya rage fita, jikinsa ya fara saki. Da ciwo ya kwantar da shi, ɗan Gwaggo ke ɗaga shi, shi ke kai shi bayi, shi ke shafa masa man zafi a gwiwa. Ni nake sayen maganin. In na yi sallama sai ya yi ƙoƙari ya tashi zaune, ya ja mayafi ya rufe ƙirjinsa, ya juya fuska. Wata rana na ga zai zame na miƙa hannu, ya ɗaga nasa ya tsayar da ni tun daga nesa. Ya ce wa Inna, “Yaron ga ya ci abinci?” Iyakar abin da na samu ke nan.

Shi ya sa ranar jana'iza, da aka idar da salla aka ɗauki makara, ban sa rai da komai ba. A maƙabarta jama'a suka kewaye ramin, ƙasa ja mai danshi a tare gefe guda. Ɗan Gwaggo ya matsa gaba, tsofaffin suka buɗe masa hanya. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Sai na ji an kama damtsena an matsa, irin kamun nan da na san shi da ido kawai.

“Cire takalmi ka sauka,” in ji ɗan Gwaggo.

Na ce, “Kai suke jira.”

“Su suka sani. Kawu ya ce ranar da za a sa shi, ni in tsaya sama. Ya ce yaron ga za shi riƙe ni.”

Tsoho mai karyayyen hanci ya buɗe baki zai yi magana, liman ya dube shi, tsohon ya ja da baya. Na sauka. Ƙanena ya sauka wajen ƙafafu. Aka miƙo Baba, na sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa, ɗaya a kafaɗa. Ciwo ya cinye shi, amma faɗin kafaɗun na nan, na ji su ta cikin likkafani. Kansa ya kwanta a damtsena. Na san ana jira, na san rana na dukan mutane, amma na kasa sakinsa. Sai da liman ya ce, “Bismillah, ɗana, a hankali,” sannan na kwantar da shi a gefen dama, na gyara masa fuska ta dubi alƙibla. Da na ɗago, sai na nemi wurin dafawa in fito. Ɗan Gwaggo ya miƙo hannu ya jawo ni sama, ya kakkaɓe mini ƙasar da ke bayana.

A gbakar komawa ni da ɗan Gwaggo muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Da muka kusa gida na juya na tambaye shi.

“Yaushe ya gaya maka?”

“Tun ranar da ka kayar da ni.”

“Ranar da ya tafi sayen goro?”

Ya yi 'yar dariya, ido jajur. “Wane goro? Bayan motar Bassam ya laɓe, ta tagogi ya kalli komai. Da muka keɓe ya ce shi kansa bai iya wannan ɗaukar ƙafa ba a shekarunka. Ya ce hannun da ya yi wannan shi zai sa shi a kabari. Har sunanka ya faɗa, sau ɗaya, sannan ya ce in na gaya maka yana da rai bai yafe ba.”

“Ya faɗi sunana?”

“Da bakinsa.”

Na ce ya maimaita mini yadda ya faɗa. Ya gwada, ya kwaikwayi muryar, bai yi kama ba ko kaɗan.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya tashe shi cikin waɗanda ake miƙa wa hannu, kamar yadda ya tashi 'ya'yan mutane da yawa daga yashi. Ɗan Gwaggo kuwa kwanonmu ɗaya har yau, kowace Lahadi. Na yafe masa naman, na yafe masa taken makaɗa, na yafe masa safiyoyin gefen famfo. Abu ɗaya ne na kasa. Sau ɗaya Baba ya faɗi sunana a duniya, kuma a kunnensa ya faɗa.